Kifi Ba Ya Jiran Ciniki

Manomi idan ya kai gero kasuwa ya tarar farashi ya faɗi, yana iya ɗaure bakin buhunsa ya koma gida, ya ajiye har bazara. Makiyayi ma in tayin da aka yi wa sansa bai gamshe shi ba, sai ya ce albarka, ya ja igiya, ya jira kasuwa mai zuwa. Masunci ba shi da wannan gata. Tun daga lokacin da kifi ya bar ruwa ya fara lalacewa. Kafin rana ta take ya soma sauya wari, zuwa la'asar kuwa ko kyauta aka bayar sai an gode wa wanda ya karɓa. Mai saye ya san haka, mai sayarwa ya san haka, kuma kowannensu ya san ɗan'uwansa ya sani. Shi ya sa cinikin ɗanyen kifi a bakin ruwa, a kowace ƙasa ake yinsa, ba ya zama ciniki tsakanin tsara da tsara. Ɗaya na tsaye da kuɗi a aljihu, kuɗi kuwa ba ya ruɓewa. Ɗayan na tsaye da kwando, rana tana hawa.

Akwai wani tsohon fim na ƙasar Italiya, mai hoto baƙi da fari, wanda ya kafa kyamara a kan wannan tsayuwa ta mutum biyu, ya ƙi ɗauke ta har sama da awa biyu da rabi. Sunansa La Terra Trema, wato ƙasa na girgiza. Luchino Visconti ne ya ba da umarninsa, ya fito a 1948. An ɗauke shi a Aci Trezza, wani ƙauyen masunta da ke gabashin tsibirin Sisili, 'yar tafiya kaɗan arewa da birnin Kataniya, a gindin Etna, dutsen nan mai aman wuta. A gaban ƙauyen akwai wasu baƙaƙen duwatsu da suka tsiro daga cikin teku, waɗanda tatsuniyar Girkawa ta ce wani ƙaton dodo mai ido ɗaya ne ya jefi jirgin Odisiyus da su. Baƙi don su suke zuwa garin. A fim ɗin suna nan kullum a bayan mutane, amma abin da aka sa a gaba shi ne kwando da taru da sikeli.

Lokacin Italiya ba ta daɗe da fita Yaƙin Duniya na Biyu ba. Cinecittà, babban sansanin shirya fina-finai na birnin Rum, ya koma matsugunin 'yan gudun hijira, sai wasu daraktoci suka fito da kyamara kan titi suna ɗaukar talaka a inda yake. Roberto Rossellini ya yi haka a 1945, Vittorio De Sica kuma ya fitar da fim ɗinsa na mutumin da aka sace wa keke a 1948. Visconti dabam yake da su. Ɗan babban gidan sarauta ne na Milan, an haife shi a 1906 cikin dukiya, ya koyi aiki a Faransa a hannun Jean Renoir, ya dawo da ra'ayin gurguzu. Jam'iyyar Kwaminis ta ba shi 'yan kuɗi ya shirya gajeren fim kan 'yan ƙwadagon Sisili kafin zaɓen Afrilun 1948. Shi kuma ya ƙudurta yin kashi uku: na masunta, na masu haƙar farar wuta, da na manoma. Ya sauka Aci Trezza a ƙarshen 1947, ya yi kusan wata shida, kashin teku kaɗai ya iya gamawa.

Babu ƙwararren ɗan wasa ko ɗaya a ciki. Masuncin da ka gani masunci ne, 'yan matan 'yan garin ne, ko sunayensu ba a jera ɗaya bayan ɗaya a farkon fim ɗin ba. Visconti yakan bayyana musu halin da ake ciki a fitowar da za a ɗauka, ya tambaye su yadda mutumin garinsu zai faɗi abin, su faɗa da bakinsu. Da harshen Sisili suka yi magana, wanda mutumin Milan ko Rum ba ya ji sosai, aka kuma naɗi muryoyin nan take a bakin ruwa, alhali al'adar Italiya a lokacin ita ce a ɗora murya daga baya a ɗakin naɗi. Rubutun da ke buɗe fim ɗin ya ba da dalili: Italiyanci a Sisili ba harshen talaka ba ne. Samari biyu da suka yi masa mataimaka, Francesco Rosi da Franco Zeffirelli, daga baya kowannensu ya zama babban darakta.

Labarin yana farawa tun duhun asuba. Ƙararrawar coci na kaɗawa, fitilun jirage na matsowa daga tsakiyar teku, 'yan sarin kifi sun riga sun hallara a gaɓa. A gidan Valastro mata sun tashi suna kintsa gida, suna duban hoton iyali da ke rataye a bango, wanda a cikinsa akwai maigidan da teku ta ci. Mazan gidan, daga kaka mai furfura har yaron da ya kamata a ce yana makaranta, a ruwa suka kwana. Suna saukowa hayaniya ta kaure: kwanduna, ihu, lambobi na tashi ta ko'ina, sikeli na lilo a hannun mai saye. Baƙo zai ɗauka gasa ake yi a kan kifin. Amma 'yan sarin garin bakinsu ɗaya, sun gama yanke farashi tun kafin jirgin farko ya taɓa gaɓa. Bayan an watse masunta su zauna gyaran taru, don abin da dare ya yaga dole rana ta ɗinke. Daga nan kaka ya baje kuɗin ya raba kashi-kashi. Abin da aka samu ya isa a sayi burodi a sake fita gobe. Bai kai a ajiye ba.

Wannan rashin ajiya shi ne ƙashin bayan labarin duka, ko da yake ba a fito an faɗa ba.

Ntoni, babban jikan gidan, ya yi aikin sojan ruwa, ya ga wasu garuruwa, ya dawo yana ganin abin da 'yan gida suka saba da shi har suka daina gani. Kakansa mutum ne mai karin magana a baki, duk ƙorafin da aka kawo masa yana da tsohon zance da zai danne shi, irin dattijon da a wurinmu zai ce maka haƙuri maganin zaman duniya. Ban ga laifin tsohon ba. Ya binne ɗa a teku, ya san abin da ke faruwa da gidan da ya yi kwana uku bai sayar da kifi ba. Ntoni dai ya lallashi dattawa su bar wa samari ciniki. Da aka yi musu tayin da suka saba yi wa iyayensu, ya fizge sikeli daga hannun ɗan sari, ya ruga bakin ruwa ya wurga shi cikin teku. Sauran samarin suka bi sahu, faɗa ya kaure, 'yan sanda suka kwashe su zuwa Kataniya.

Wannan fitowa ita ce aka fi tunawa a fim ɗin, kuma duk wanda aka taɓa tauye wa awo zai ji sanyi a ransa idan ya gan ta. Sai dai in an duba da kyau, sikelin ba shi ne mai laifin ba. A ce an kawo sabon sikeli daga masana'anta, wanda ba ya tauye ko giram ɗaya, a ce ma masunci ne ke riƙe da shi, farashin kilo yana nan a bakin wanda zai iya juya baya ya tafi. Washegari 'yan sari za su sayo wani sikelin, kifin da aka kama daren jiya kuwa ba zai kai jibi ba.

Abin da ya biyo baya ya fi jifan muhimmanci. 'Yan sarin da kansu suka janye ƙara, suka aika aka sako samarin. Ba tausayi ba ne: da ƙarfafan masunta ke kulle, kifi ya ragu a gaɓa, cinikinsu ya tsaya. A nan Ntoni ya gane cewa su ma can akwai iyakar jiran da za su iya yi. Ya tara 'yan'uwansa masunta ya ce musu mutanen nan ba za su rayu ba sai da mu, mu daina kai musu, mu sayar da kanmu. Suka saurara, wasu suka yi dariya, babu gida ɗaya da ya biyo shi.

Sai ya tafi shi kaɗai da iyalinsa. Abu ɗaya suka mallaka mai daraja, gidan da aka haife su a ciki. Suka sa tufafin fita kunya, suka hau mota zuwa Kataniya, suka jinginar da shi ga banki. Da kuɗin suka tsaya da ƙafarsu, suna fita su don kansu, suka kuma tanadi ganguna da gishiri.

A ganina gishirin nan shi ne jarumin fim ɗin. Akwai wani ƙaramin kifin teku mai tsawon yatsa, ancobi, wanda ke yawo garke-garke. Ɗanyensa ba ya kwana, amma idan aka cire masa kai, aka jera shi a ganga, layin kifi layin gishiri, aka danne da nauyi, yana yin watanni, har ƙara daɗi yake yi. Wanda ke da ganga cike da shi ba ruwansa da hawan rana. Yana iya jira har lokacin sanyi, sa'ad da teku ke hana fita, kifi ya yi tsada, ya zama mai saye ne ke sallama a ƙofarsa. Wani dare Allah ya ba iyalin Valastro sa'a, taru ya cika da ancobi har jirgi ya yi nauyi. Visconti ya daɗe a kan daren da aka zauna sa gishiri, kuma ya yi daidai da ya daɗe. Tsakar gida cike da mata da yara da maƙwabta, hannuwa na aiki, ana zolaya, ana ƙyalƙyala dariya. Babu wani wuri a fim ɗin da ake dariya irin wannan. Ko sisi bai shigo gidan ba tukuna, kifin yana ganga ba a sayar ba. Abin da ya faranta musu rai shi ne, karon farko a rayuwarsu, suna da abin da za su ce ba za mu sayar yau ba.

Da labarin ya tsaya a nan, da an tashi da daɗin rai. Amma lokacin da gishiri ya ba su, bashi ya riga ya karɓe ta ƙofar baya. Banki yana da ranar biya, kuma ba ya duban sararin sama kafin ya aiko takarda. Ga kuma baki da yawa a gida, kifin ganga bai isa sayarwa ba. Ranar da hadari ya haɗu, masuntan da ke yi wa 'yan sari aiki suna iya ɗaure jirgi su zauna, don jirgin ba nasu ba ne, bashin ma ba nasu ba ne. Iyalin Valastro suka fita. Guguwa ta same su a tsakiyar ruwa. Ana ganin uwa da 'ya'yanta mata lulluɓe da baƙaƙen mayafai, tsaye a kan duwatsu, iska na kaɗa su, suna duban inda babu abin gani. Wani maƙwabci ya fita nema, ya janyo su da ransu. Jirgin kuwa ya farfashe, taru da filafilai sun tafi.

A nan Visconti ya rabu da littafin da ya ɗauko ƙashin labarin daga ciki. Giovanni Verga, marubuci ɗan Kataniya, ya wallafa I Malavoglia a 1881, a kan wani gidan masunta na wannan ƙauye na Aci Trezza. Su ma bashi suka ci, suka sari kaya a jirginsu, teku ta haɗiye kayan da maigida. A wurin Verga abin ya fi kama da ƙaddarar da ke bin duk talakan da ya ɗaga kai. Visconti bai musa cewa teku na da haɗari ba, amma ya nuna wanda ya tura jirgin cikin hadari. Ina ganin wannan bambanci ya shafe mu. Mukan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne, babu abin da ke samun bawa sai da sanin Ubangijinsa. Amma yarda da ƙaddara bai hana a tambayi dalilin da ya sa a rana ɗaya, a gaɓa ɗaya, wani yana da ikon zama gida wani ba shi da shi ba.

Sai ga 'yan sari a tsakar gidan, inda aka yi dariya kwanan baya. Suka buɗe gangunan, suka kushe kifin, suka yi tayin wulaƙanci. Kifin lafiyarsa lau, gishiri ya yi aikinsa, zai iya ƙara watanni. Mutanen gidan ne ba za su iya ƙara mako ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Suka sayar.

Daga nan gidan ya warware da sauri. Babu mai ɗaukar Ntoni aiki. Nedda, yarinyar da yake so, ta ɓace masa. Cola, ƙanensa, ya bi wani baƙo mai raba sigarin Amurka, ya bar garin da asuba. Kaka ya kwanta, aka kai shi asibiti a Kataniya. Lucia ta faɗa hannun shugaban 'yan sandan garin, Don Salvatore, wanda ya daɗe yana zagaya tagarsu da 'yan kyaututtuka. Mara, babbar 'yar, wadda wani magini talaka mai suna Nicola ke so amma yana jin bai kai ba lokacin da suke sama, yanzu ita ce ke ganin ba ta kai ba. Mutanen banki suka zo suka auna bango, aka fitar da iyalin. Ntoni ya kama shan giya. A ƙarshe ya sa tsummokaransa, ya riƙo ƙannensa biyu ƙanana, ya je ofishin 'yan sari ya sa hannu a matsayin ɗan ƙwadago a sabon jirginsu, suna yi masa dariya. A bangon da ke bayansu ana iya karanta sunan Mussolini da bai gama gogewa ba.

Kafin ya je, ya faɗa wa wata yarinya ƙarama, wadda ta same shi yana duban tsohon jirginsa, cewa abin da ya yi don kowa ya yi, kuma sai ran da mutane suka koyi riƙe juna za a ci gaba. Wannan shi ne saƙon da jam'iyya ke son ji, kuma ba ƙarya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma hotunan fim ɗin sun faɗi abin da ya fi wannan dalla-dalla. Maƙwabtan da suka ƙi bin Ntoni ba ragwaye ba ne, ba kuma munafukai ba. Kowannensu abincin gobensa yana cikin kwandon yau. Kiran haɗin kai ga mutumin da ba shi da abincin kwana uku kira ne da ya yi azumin da bai san ranar shan ruwansa ba. Da gidaje goma ne suka haɗa gishiri da ganguna, suka ware wani abu don ranar da jirgin ɗayansu zai fashe, da guguwar dare ɗaya ba ta tilasta wa kowa sayar da kifin watanni ba. Haɗin kan da ke da amfani ga masunci yana da siffa: rumbun ajiya ne, da asusu, da jirgin aro.

Wasu fina-finan masunta sun zo wannan gaɓar ta hanyoyi dabam. Redes, wanda aka ɗauka a Alvarado ta ƙasar Meziko aka fitar a 1936, ya fara ne da masuncin da ɗansa ya mutu don babu kuɗin magani, ya ƙare da masunta sun haɗa jirage sun nufi gari da gawar jagoransu. Yana tayar da tsikar jiki, amma ya tsaya daidai inda tambayar me za a ci gobe take farawa. Chemmeen na jihar Kerala ta Indiya, wanda Ramu Kariat ya shirya a 1965 daga littafin Thakazhi Sivasankara Pillai, fim ne mai launi da waƙoƙi da soyayya, amma a cikinsa akwai abin da ya fi ba ni tsoro. Masunci Chembankunju ya karɓi kuɗi a hannun wani saurayi Musulmi mai sarin kifi, Pareekutty, wanda ke son 'yarsa, ya sayi jirgi da taru. Da ya samu, sai ya ƙi sayar wa yaron kifi, ya ƙi biyansa, har yaron ya karye. Wato masuncin da ya haye bai zama mai adalci ba don ya taɓa shan wuya. Da Ntoni ya yi nasara shi kaɗai, babu tabbacin ba zai sayi sikelinsa ba.

Na baya-bayan nan shi ne Luzzu, daga tsibirin Malta, wanda Alex Camilleri ya fitar a 2021, shi ma da masunta na gaske, har jaruminsa Jesmark Scicluna ya sami lambar yabo a bikin Sundance. Shekara saba'in da 'yan kai bayan Visconti, ƙanƙara ta maye gurbin gishiri, an sami dokokin hana kama wasu kifaye a wasu watanni, an sami shirin Tarayyar Turai na biyan masunci kuɗi ya miƙa jirginsa ya bar sana'ar. Amma mutumin da ke tsakiyar labarin yana da jirgin gado mai yoyo, da jariri mai buƙatar magani, kuma a wurin gwanjon kifi ba shi ke da ta cewa ba.

An zargi Visconti da ƙawata talauci. Gaskiya ne hotunan G. R. Aldo, mai ɗaukar hoton fim ɗin, suna da kyau ƙwarai, kowane masunci ya tsaya a bakin ƙofa kamar an zana shi. An kuma ce fim ɗin ya yi tsawo, ba ya sauri. Ni ban ɗauki ko ɗaya aibi ba. Mutumin da duniya ba ta taɓa ba shi minti biyar ba, idan kyamara ta tsaya tana kallonsa yana ɗinkin taru har ya kai ƙarshen layi, an biya shi wani abu daga haƙƙinsa. Kuma wahalar aiki ba ta ganuwa idan an yanka ta gutsi-gutsi. Sai mai kallo ya ɗan gaji tare da mai yi kafin ya san nauyin kuɗin da kaka ke rabawa.

Shi kansa fim ɗin ya ɗanɗani irin abin da ya nuna. Kuɗin jam'iyya suka ƙare tun ba a je ko'ina ba. Visconti ya sayar da kayan ado na gidansu ya ci gaba, daga baya furodusa Salvo D'Angelo na kamfanin Universalia ya cike sauran. Ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Venis a 1948, amma a gidajen silima bai yi kasuwa ba, har aka rage tsawonsa aka ɗora masa Italiyanci a kan muryoyin masuntan, abin da aka yi fim ɗin don guje masa. Sai dai a lura da wani abu: da kuɗi suka yanke wa Visconti, yana da abin sayarwa wanda ba rufin kansa ba ne. Shi ya sa shi ya gama fim ɗinsa ya ci gaba da yin wasu har rasuwarsa a 1976, Ntoni kuwa ya koma jan filafili a jirgin wani.

Mu ba mu da teku, amma muna da masunta, daga Sarkawan Yawuri da Argungu zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, har tafkin Chadi. Gishirinmu hayaƙi ne. Banda ita ke ba kifin Baga ikon shiga kwali ya yi tafiyar kwanaki a mota zuwa kasuwannin kudu. Amma banda na cin itace, itace na cin kuɗi, in ta daɗe kuma ƙwari su shiga. Sanannen abu ne kuma a bakin ruwayenmu ɗan kasuwa ya ba masunci taru da ƙugiya da abinci bashi, bisa sharaɗin shi za a kawo wa kifin. Wanda ya ci wannan bashi ya sayar da kifinsa tun yana cikin ruwa. Da rikicin Boko Haram ya kai ga hukumomi suka hana su da cinikin kifi a sassan tafkin, kamar yadda aka yi a yankin Diffa a 2015, dokar ɗaya ce a kan kowa, amma mai jari yana iya karkata ga wata sana'a ya jira, wanda tukunyarsa ke jiran kamun yau kuwa ba shi da inda zai karkata.

Kyamarorinmu sun san hanyar Argungu ranar biki, sa'ad da dubban mutane ke faɗawa ruwa da koma da gora, a ɗaga ƙaton kifi a tafa. Sauran kwanakin shekara, da gyaran taru da neman itace da littafin bashi, ba su cika shiga fim ba. Ba na jin rashin basira ne ya jawo haka, don Kano da Jos da Kaduna suna da masu ido. Fim irin na Visconti yana buƙatar darakta ya tare a bakin ruwa wata da watanni, har mutane su daina ganinsa baƙo, har ya san wace mata ce ke da bakin da zai ɗauki fitowa, har ya dace da daren da taru zai cika da gaske. Furodusan da ya ranto kuɗi, yana biyan hayar kyamara da abincin ma'aikata kullum, mai kuɗin kuma na kiran waya, dole ya gama cikin 'yan kwanaki, a falon da aka ara, da fuskokin da kasuwa ta riga ta sani. Duk wanda ke son ganin masuncin Baga ko na Yawuri a allo yadda yake, sai ya fara samo wanda zai ɗauki nauyin waɗannan watanni, ba tare da ya jinginar da gidansa ba.